Komai sefa, har da albasar Goronyo

Abin da ya ishe ni a Babbar Kasuwar Sakkwato shi ne maganar "sefa ta hau". Ka tambayi shinkafar da aka shigo da ita ta Kwanni da Illela, a ce sefa. To, wannan na yarda. Amma albasar da aka noma a Goronyo, da gero na Gwadabawa, me ya haɗa su da sefa?

Ba na musu cewa naira ta sha wuya. Da aka fito da ita a 1973 ta fi dala daraja. Tsarin gyaran tattalin arziki na SAP da Babangida ya kawo a 1986 shi ya fara karya ta. Ita ma sefa an taɓa rage darajarta da rabi a Janairun 1994, lokacin mutanen Nijar ne ke kuka. Bambancin shi ne sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya tun 1999, ita kuwa naira an sake ta a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura 1,500 a 2024. Ga kuma rufe iyaka da aka yi bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Duk wannan gaskiya ne, Alhaji. Amma ranar da canji ya sauka, ban taɓa jin ɗan kasuwa ya ce "sefa ta sauka, rage ɗari biyu" ba. Sai ya ce tsohon kaya ne, da tsada ya saro. Talaka ke biyan hawa, kuma ba ya cin sauka. Ku ji tsoron Allah!