Kada ku jira sai aure ya kai gargara kafin ku nemi mai sasanta ku

'Yan'uwana matasa masu aure da masu shirin yi, akwai sakacin da ke cin gidaje da yawa: sai miji da mata sun daina gaisawa, an fara ambaton saki, sannan a tuna akwai waɗanda suka karanci sasanta ma'aurata. John Gottman, masanin halayyar ɗan Adam na Jami'ar Washington a Amurka, wanda ya shafe sama da shekara 40 yana nazarin zaman aure, ya ce ma'aurata kan kai kusan shekara 6 cikin ƙunci kafin su nemi taimako. A tsawon wannan lokaci ƙaramin saɓani ya riga ya zama gaba, kowa ya tara wa ɗan'uwansa laifuffukan da ba zai iya lissafawa a zama ɗaya ba.

Shigo da mutum na uku ba tonon asiri ba ne. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umarnin a tsayar da mai sulhu daga dangin miji da kuma daga dangin mata, tun ana tsoron ɓaraka, kafin ta auku. Ƙwararren mai ba da shawara yana ƙara abu biyu a kan haka: ba shi da ɓangare, kuma an koya masa gane yadda rigima ke ƙulluwa.

Amma ku sani ba alƙali ba ne. Wanda ya je don a ce shi ke da gaskiya zai dawo da takaici. Yawanci zaman farko tare ake yi: yadda kuka haɗu, yaushe abubuwa suka fara canjawa, me kowa ke so ya gani. Daga nan sai ya gana da kowa shi kaɗai, domin akwai maganar da mutum ba zai faɗa a gaban abokin zamansa ba. Sannan ya haɗa ku ya faɗa muku abin da ya gano, ku tsayar da abin da za a fara gyarawa. Ana zama sau ɗaya a mako, minti 50 zuwa 90. Tsarin sasanta ma'aurata da masaniyar halayyar ɗan Adam Sue Johnson ta ɓullo da shi a Kanada a shekarun 1980, wanda ya fi mai da hankali kan shaƙuwa da tsoron rasa juna, yakan ɗauki zama 8 zuwa 20. Don haka wanda ya je sau biyu ya ce ba amfani, bai ma fara ba.

Abin da mai shawara ke nema shi ne yadda faɗan ke maimaita kansa. Miji ya shigo da dare, ya zauna yana latsa waya. Matar ta ce, "Kai ba ka damu da kowa a gidan nan ba, kullum waya." Ya yi shiru. Shirun ya ƙara tunzura ta, ta ɗaga murya, ta tono abin da ya yi bara. Ya ɗauki makulli ya fita. Ita a ganinta ya wulaƙanta ta. Shi a ganinsa ya kauce wa fitina. Gobe ma haka. Kowa martani yake yi ga ɗayan, kuma duk yadda ta matsa haka yake ƙara ja da baya. A ƙarƙashin faɗanta akwai tsoron cewa ya daina sonta, a ƙarƙashin shirunsa akwai jin cewa komai ya yi ba zai burge ta ba. Ranar da aka sa kowa ya furta wannan da bakinsa a gaban ɗayan, ranar ce gyara ke somawa.

Gottman ya lissafa halaye 4 da ke nuna aure na cikin haɗari: sukar halin mutum maimakon aikin da ya yi, raini, kare kai ta hanyar mayar da laifi, da yin gum a ƙi tankawa. Raini ya fi duka muni: tsaki, harara, gatse, kwaikwayon muryar mutum don a muzanta shi. Wannan ne ya fi nuna cewa rabuwa na tafe, kuma abin baƙin ciki da yawa sun mai da shi hira ta yau da kullum.

Gyaran da za a koya muku a bayyane yake. Ƙorafi ya zama kashi uku: abin da ya faru, yadda kika ji, abin da kike so. "Maigida, jiya na jira ka har dare ban ji daga gare ka ba, hankalina ya tashi. Don Allah in za ka daɗe ka turo min saƙo." Babu "kullum", babu "ba ka taɓa". Shi kuma mai sauraro zai maimaita abin da ya ji kafin ya ba da amsa, har sai mai magana ta ce haka take nufi. Da farko abin zai yi muku banbaraƙwai, ku daure. Idan rai ya ɓaci har bugun zuciya ya haura 100 a minti, mutum ba ya iya fahimtar abin da ake faɗa masa, sai a tsagaita na aƙalla minti 20. Sharaɗi shi ne a faɗi lokacin komawa kan maganar, kuma a cika. Fita ba tare da cewa komai ba, gum ɗin nan ne dai.

Kuma kada ku sa ran za a warware komai. Binciken Gottman ya nuna kusan kashi 69 cikin 100 na saɓanin ma'aurata ba ya ƙarewa, domin daga bambancin hali yake: ɗaya mai tattali ɗaya mai sakin hannu, ɗaya mai son jama'a ɗaya mai son kaɗaici. Irin wannan ana koyon zama da shi ne, a yi yarjejeniya, misali adadin kuɗin da ba wanda zai kashe sama da shi sai da sanin ɗayan.

Akwai inda zaman haɗin gwiwa bai dace ba, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Idan akwai duka ko barazana, ko ɗaya na tsoron ɗayan, wadda ake zalunta ba za ta iya faɗin gaskiya ba, in kuma ta faɗa tana iya fuskantar hukunci a gida. Tsira da lafiya ne farko, kowa a gan shi daban. Haka idan akwai shaye-shaye, ko neman wani a waje da ba a daina ba. Wasu matsalolin kuma na likita ne: ciwon sukari kan jawo raunin mazakuta, ciwon damuwa bayan haihuwa kan sa mace ta janye daga kowa. Mai shawara na gari zai tura ku asibiti.

Ku tantance wanda za ku je wurinsa. Ku tambaye shi me ya karanta, ko ya saba aiki da ma'aurata, yaya yake yi da sirrin da ɗaya ya faɗa masa a keɓe. Wanda ya ɗauki ɓangare tun zaman farko, ko wanda bai da abin cewa sai "a yi haƙuri", ko mai ba ku labarin wasu da sunayensu, ku bar shi ku nemi wani.

Idan abokin zamanka na noƙewa, kada ka tayar da maganar a tsakiyar faɗa, kuma kada ka ce "ke ce ke da matsala". Ka zaɓi lokacin da rai ke kwance, ka ce kana so ku gyara tare, ka roƙi a gwada zama uku kawai. In har ya ƙi ko ta ƙi, ka fara zuwa kai kaɗai, ka yi aiki a kan naka martanin, ka sake gayyata bayan 'yan makonni.