Shekara 74 a ƙasar nan, yau wani yaro ya ce wa Inna ta koma garinsu

Tun da muka dawo da azahar nake ƙoƙarin haɗiye abin nan ya ƙi wucewa. Na sha ruwa, na yi alwala, na kwanta, duk a banza. To bari in rubuta ko na samu sauƙi, wanda zai ce na cika surutu ya je ya ce.

Mutanen Jidda ba sai na yi muku dogon bayani ba, kun san yadda muka koma tun da aka fara rusau a ƙarshen 2021. Ɗan unguwar Gulail ya sani, ɗan Karantina ya sani, Bitrumin, Sabil, Hindawiyya, Kandara, duk kanwar ja ce. Ka kwana da gidanka ka tashi ka ga an fesa jan fenti a bango an rubuta ikhla, wato a kwashe kaya a fita, bayan 'yan kwanaki a yanke wuta, sai katafila. A Najeriya in aka ce Izala ƙungiya ake nufi, mu a nan in ka ji an ce izala, wato rusau, to fara neman kwali da igiya kawai.

Namu gidan a 2022 ya sha ƙasa. Daga nan zuwa yau sau uku muna tashi, yanzu muna wata shigga, wato gidan haya a bene, a hawa na huɗu, ba lif, matakala 68, ni na ƙirga su da kaina don ni nake riƙe da hannun Inna in za ta sauka. Ga ciwon gwiwa ga suga. Matar da a da ko jariri aka haifa a ƙarshen lungu sai ta taka ta je barka, yanzu sai ta yi sati uku ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba, in ba ranar asibiti ba tana nan a bakin taga tana kallon motoci. Ana cikin haka mai gida ya turo saƙo wai in za a sabunta kwantiragi ya ƙara riyal 6,000 a shekara, in ba mu iya ba akwai masu jira.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta ce min akwai wani ofishi da ake rubuta sunayen tsofaffi masu neman masauki, in kai Inna da kanta su ganta da idonsu ko za su tausaya. Na ɗauki uzuri a wajen aiki, za a yanke min kuɗin ranar. Saukowa kaɗai minti 25 ta ci mana, a kowane hawa sai ta zauna ta yi hailala ta maida numfashi. Muka je, muka ciri lamba, muka zauna fiye da awa biyu ƙarƙashin esin da ya sa gwiwarta ta ƙara sandarewa.

Da lambarmu ta fito na tallabe ta muka isa gaban tebur. Yaro ne, wallahi ba zai wuce 26 ba, tobinsa fari ƙal ya sha guga, kofin gahawa a gefe, waya a hannu. Na yi sallama. Bai ɗago ba, ya amsa ta a hanci, ya miƙo hannu ya ce hawiyya, wato katin shaida.

Na ba shi igamar Inna, katin izinin zama na baƙi. Ya riƙe ta da yatsa biyu kamar wanda ya tsinto ta a kwata, ya juya bayanta, ya sake juyo gabanta, sannan ya ajiye ya turo min ita da ɗan yatsa.

Ya ce wannan ai igama ce.

Na ce na'am, igama ce.

Ya ce ni hawiyyar ɗan ƙasa na tambaya.

Na kwantar da murya na ce masa ya akhi, wannan baiwar Allah a Makka aka haife ta, a Misfala, mahaifinta da ƙafa ya tako daga ƙasar Kano, ya yi shekaru a Sudan yana noma yana tara guzuri kafin ya tsallako ta Sawakin, a nan ta yi aure, a nan ta binne mijinta da 'ya'ya biyu. Ya bari na gama tsaf, har da gyaɗa kai kamar mai sauraro, sannan ya ce duk wannan ba ya cikin fom.

A nan ne idona ya kai kan katin da ke ƙirjinsa. Sunan ya ƙare da Hausawi. Jama'a, HAUSAWI. Ita ma Inna tun da muka tsaya take ƙare masa kallo, kun san tsofaffi da neman dangi, sai ta ɗan matso ta yi murmushi ta ce masa da Hausa, ɗan nan kai ɗan gidan waye, kamar na san fuskar nan.

Ya dube ta sama da ƙasa ya ce, ya hajja ki yi Larabci.

Na rantse da Allah ya ji ta. Na ga idonsa lokacin da ta ce ɗan nan, ya ji sarai. Kuma Innar da yake cewa ta yi Larabci, Larabcin Makka na asali ne a bakinta, irin wanda in ta yi tsofaffin Hijaz suke juyowa su ce 'yar wace unguwa ce. Ta maimaita masa da Larabcin, ya ce ba zumunci aka zo yi nan ba.

Na danne zuciyata, don mai nema ba ya fushi. Na ce to mun ji, ba kyauta muke roƙo ba, babu wani tsari da za a ba ta ɗaki ɗaya a hawan ƙasa ni in riƙa biya duk wata, ko a haɗa mu da inda ake ba da gida biya a hankali? Sai ya yi wata 'yar dariya, ya sake ɗaukar igamar ya duba shekarar haihuwa, ya ce 74? Ya ce ko 'yar ƙasa ce wane banki ne zai ba mai 74 bashin shekara ashirin, wa zai ƙarasa biya, magada?

A gabanta fa. Tana tsaye tana dafe da teburinsa yake lissafa mata ranar mutuwa.

Bai tsaya nan ba, wai shi mai ba da shawara, ya kurɓi gahawarsa ya ce shi a ganinsa me zai hana mu mayar da ita garinsu ta huta cikin danginta. Inna ta ce wane garin, ɗana? Ya ɗaga katin ya nuna mata da farce ya ce ga shi nan an rubuta Najeriya. Sai ya danna maɓalli, allo ya yi ƙara, lamba ta gaba.

Garinsu. Inna sau ɗaya ta taɓa zuwa Najeriya a rayuwarta, ta yi wata biyu, zazzaɓin sauro ya kusa kashe ta, 'yan uwan da ta samu a can suna kiranta Balarabiya suna tambayarta me ta kawo musu. A can Balarabiya, a nan takari. To sannu mai gari, sannu jikan wanda aka haifa da tobi a jiki. Kakanka shi a jirgin sama mai esi ya sauka ko? Da ƙafa ya zo kamar kakana, faso iri ɗaya, bambancin kawai shi ya samu takardar ɗan ƙasa lokacin da ake samu, nawa kuma yana can yana ɗaukar kayan alhazai ya ce gobe zai je, goben da ba ta zo ba.

Amma in na ce yaron nan ne matsalata na yi ƙarya. Shi baki ne kawai, abin da aka rubuta ya karanta mana, ya ɗan ƙara gishirin rashin kunya. Dokar haƙƙin tsofaffi da kula da su da aka amince da ita a farkon 2022, wacce aka yi ta yabo, ku je ku karanta sashe na farko inda aka fassara waye tsoho: ɗan ƙasa da ya kai shekara 60. Wato Inna a hukumance ba tsohuwa ba ce. Furfurar ta banza ce, gwiwar ma ƙarya take yi. Diyyar rusau ma haka aka yi, ɗan ƙasa mai sakki, wato takardar mallaka, a biya shi fili da gini, ɗan ƙasa marar sakki a biya shi kuɗin gini, mai igama kuma Allah ya ba da haƙuri. Ɗakunan da babana ya gina da hannunsa bulo bayan bulo, ko kuɗin ƙofa ba mu gani ba.

Kuma kar wani ya zo ya ce min ai unguwannin sun lalace. Na sani, a ciki na girma. Na san lungun da motar asibiti ba ta shiga, na san warin kwata in an yi ruwa, na san 'yan ƙwaya da suka addabe mu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda ya ce kar a gyara gari. Amma wanda ya zauna ya zana taswirar rushe unguwanni da dama a cikin shekara guda, bai taɓa tambayar kansa ba tsofaffin ciki ina za su? Don unguwar nan ita ce gidan kula da tsofaffinmu, ba mu da wani. Ƙofa a buɗe, ɗaki a ƙasa, masallaci taku ashirin. In Inna ba ta fito da safe ba kafin hantsi mace uku sun leƙo. Yaron maƙwabta ne zai sayo mata burodi da ful, wata ta kawo kunu, wata ta zo ta shafa mata man zafi, mai kanti ya rubuta bashi har ƙarshen wata. Ba baladiyya, wato hukumar gari, ce ta tsara wannan ba, ba a taɓa ware masa riyal ɗaya a kasafi ba, mutane ne suka gina abinsu cikin shekara hamsin. Katafila ta share shi cikin sati. Yanzu aminiyar Inna tana can wani gefen gari tafiyar minti arba'in a mota, wata an kai ta tarhil, inda ake tsare baƙi kafin a mayar da su ƙasarsu, wata sai labarin rasuwarta muka ji bayan an yi kwana bakwai.

Kuɗi kuwa akwai, kar ma a fara. A watan Disamban 2021, daidai lokacin da muke ɗaure katifu, aka sanar da aikin tsakiyar Jidda na riyal biliyan 75, da gidan opera, da gidan tarihi, da filin ƙwallo, da gidan kallon kifaye. Kifi ya samu masauki a tsarin garin nan. An tanadi ɗakunan otal 2,700 don baƙin da ba su ma sayi tikiti ba tukuna, ana shirin kofin duniya na 2034, ana maganar kashi 70 na 'yan ƙasa su mallaki gida kafin 2030, masha Allah, Allah ya sanya albarka, ba hassada nake ba. Tambaya ɗaya ce: a duk wannan hangen nesan, idon bai hango matar da ta shekara arba'in tana wanke wa gidajen garin nan kaya ba? Ko don ta yi kusa da yawa ne?

Kuma ba a kyauta muke zaune ba. Tun Yulin 2017 aka sa kuɗin murafiƙai, wato abin da baƙo ke biya kan iyalin da ke ƙarƙashinsa, ya fara da riyal 100 a wata, yana hawa duk shekara har ya kai 400 a 2020. Riyal 4,800 ke nan duk shekara nake biya don uwata ta ci gaba da numfashi a ƙasar da aka yanke mata cibiya. Ga harajin kaya da ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 a shekarar. Wajen karɓa ba a taɓa ce min wannan ai igama ce ba. A Riyad an tsayar da ƙarin kuɗin haya na shekara biyar tun Satumban 2025, mu kuma nan mai gida yana ƙara abinsa kamar mai zuba sukari a shayi.

Wani zai ce a kai ta ribaɗi. Waɗanda suka san tsofaffin ribaɗan Balad, tsohon garin Jidda, sun san wakafi ne na bayin Allah na da, don gwauraye da matan da ba su da kowa. Mutanen da ba su yi digirin tsara birni ba su suka tuna da tsohuwa, suka gina mata ɗaki. Amma nawa ne, kuma nawa za su ɗauka? Ni kuma ina raye, da wace fuska zan kai uwata layin marasa kowa?

Mu kanmu ma ba mu tsira ba. Ina attajiranmu na nan, masu kago da masu canji da masu kamfanin alhazai? Kowa ya samu sai ya gina katanga ya koma arewacin gari ya hana 'ya'yansa Hausa, gobe su zauna a bayan tebur su ce ya hajja ki yi Larabci. An iya tara dubbai a kama zauren biki a yi liƙi har asuba, amma a haɗa kuɗi a kama gini ɗaya mai hawan ƙasa a zuba tsofaffinmu goma, sai a ce za a kafa kwamiti. Tun ina saurayi ake kafa kwamitin nan. Su kuma manyanmu na gida, goman ƙarshe na azumi za ka gansu sun cika dogayen otal ɗin bakin Harami, kuɗin ɗakin mutum ɗaya na dare goma zai biya wa Inna hayar shekaru. In sun gan mu sai su kawar da kai, wai takaru masu zubar musu da mutunci. Tsiren da Larabawan Hijaz suke layi a kansa suna ce masa siriya, wa ya kawo shi in ba takarun ba?

Na san akwai masu cewa in yi shiru, baki shi ke yanka wuya, igamarka a hannun mutane take. Na sani. Shi ya sa ban kama sunan kowa ba, ban faɗi ofishin ba.

Da muka dawo, hawan ya fi saukar wuya. A hawa na biyu ta zauna a kan matakala ta cire takalmi tana haki, ni ina tsaye da jakarta, takardar lambarmu har lokacin tana dunƙule a hannunta ba ta yar ba. Duk hanya ba ta ce komai game da yaron ba sai a nan, ta ce Allah ya shirye shi, ta tabbata ta san kakarsa. Sai ta dubi kwanar matakalar, ta auna ta da ido, ta ce min, kai, ranar da ta Allah ta kasance makara ba za ta juya a nan ba fa, sai dai ku sauko da ni a bargo.

Na ce Inna ki daina irin wannan maganar. Ta ce to kama ni mu ƙarasa, saura 34.

Mai gida kuma ya ce ranar Alhamis yake son amsa.