Sai da na zo Liyon na san inda sandar awon mai take

Shekara bakwai ina jan wata tsohuwar Starlet a Damagaram, ban taɓa ɗaga murfin injinta da hannuna ba. In ta fara tari, sai in kai ta Sabon Gari wajen makanikena, in samu benci in zauna ina kurɓar shayi, yaransa na ƙarƙashinta. "Alhaji, bari kawai, kada ka ɓata riga." Ni kuwa har wani daɗi nake ji.

Faransa ce ta sauke mini wannan girman kai. Juyen baƙin mai da canjin filta kawai, wani gareji ya karɓe mini Yuro 150, wato kusan sefa 100,000. A nan awa ake ƙirga maka, babu "a yi mini ragi don Allah", babu shayi. Wata na gaba na sayi sifana, na kama hayar wuri a irin garejin da kai ne makaniken kanka. Ranar farko na manta ban mayar da ƙusar ƙasan inji ba, na zuba sabon mai lita huɗu, ya bi ƙasa har cikin takalmina. Tsohon man ma ba a yarda ka tuttular a kwata ba, akwai wurin da ake kai shi.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, mu ne muka fi Bafaranshe bukatar wannan ilimi. Shi in mota ta mace masa, waya ɗaya motar janwe ta iso. Kai fa, tsakanin Tanut da Agadas, ko a kan kusan kilomita 900 na hanyar Yamai, wa za ka kira? Ƙurar hunturu tana toshe filtar iska, zafin Afrilu yana ƙafar da ruwan lagireto, fetur ɗin kwalba na bakin titi kuma Allah kaɗai ya san abin da ke ciki. Ba cewa na yi kowa ya sauke inji ba, wannan aikin masu shi ne. Amma duba mai da ruwa da safe, kakkaɓe filta, goge kan batir, canza taya, me ke ciki?

Na faɗa wa ƙanena da ya gaji Starlet ɗin. Ya yi dariya, ya ce, "Yaya, to makanike me zai ci?" Na ce ya fara tambayarsa ko zai biyo shi Tanut da tsakar dare.