Injin busar da kaya da ranar da muka baro a gida

A cikin watan Janairun da ya wuce, lokacin da sanyin jihar Minesota ta Amurka ya kai matakin da ko shara mutum zai fitar sai ya yi shiri kamar mai doguwar tafiya, injin busar da kayan wanki na gidanmu ya daina ba da zafi. Gangarsa tana juyawa yadda ta saba, ƙarar da muka san shi da ita tana nan, amma bayan awa guda uwargida ta buɗe ta tarar da kayan makarantar yara da laimarsu kamar yadda ta zuba su. Na kira yayana da ke can gida ƙasarmu, wanda ya daɗe yana aikin gyaran kayan lantarki, na kwatanta masa. Ya ce: "Fiyus ne ya ƙone. Ka nemo shi ka haɗe wayoyin biyu kai tsaye, aiki ya ci gaba." Na ce: "To Yaya, Allah ya saka da alheri," amma da na tuna akwai bututun gas a bayan injin sai gabana ya faɗi, na kira mai gyara na nan.

Ya kamata in bayyana yadda abin yake, domin yawancin masu karatu a gida ba su taɓa tsayawa a gabansa ba. Akwati ne na ƙarfe mai tsawo zuwa ƙugun mutum, wanda a gidajen wannan yanki ake ajiyewa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kusa da injin wanki. Iri biyu ne: akwai mai aiki da lantarki zalla, wanda ke buƙatar soket na musamman mai ƙarfin bolt 240, akwai kuma irin namu da ke amfani da soket na yau da kullum mai bolt 120 don juya ganga da fanka kawai, zafin kuwa daga harshen wutar gas yake fitowa. Idan aka danna maɓalli, wata 'yar sanda da ke ƙasan injin takan fara yin ja kamar garwashi, na'urar da ke gefenta ta ji zafin ya kai, sai wasu ƙananan naɗaɗɗun wayoyi da ake kira koyil su buɗe bawul, gas ya fito ya kama da shuɗiyar wuta. Fanka ce ke jan iskar mai zafi ta ratsa tufafi, ta bi ta rariyar da ke tare ɓurɓushin zare, sannan ta fice waje ta wani bututu mai faɗin inci 4, tare da tururi da hayaƙin gas ɗin.

Mai gyaran bai taɓa komai ba sai da ya buɗe wata 'yar ƙofa a ƙasan injin, ya kunna shi, ya durƙusa yana leƙe. A nan ya koya mini abin da har yau nake ganin ya fi kuɗin da na biya shi daraja. Ya ce idan sandar ta yi ja sannan ta mutu ba tare da wuta ta kama ba, yawanci koyil ɗin bawul ne suka gaji, kuma alamarsu ita ce injin ya yi zafi a farkon aiki sannan ya huce bayan 'yan mintuna. Idan ta yi ja ta ci gaba da yi ba tare da gas ya fito ba, sai a duba na'urar jin zafi. Idan kuwa ba ta yi ja ba sam, kamar namu, to ko ita kanta ta tsage ko fiyus ɗin zafi ya yanke. Ya zare soket, ya rufe famfon gas, ya ciro wata takarda da kamfanin ya naɗe ya ɓoye a cikin injin mai ɗauke da zanen wayoyinsa, ya ɗora mitarsa a kan fiyus ɗin, ya gyaɗa kai. Yayana ya gano cutar daga nisan dubban mil ba tare da ya taɓa ganin injin ba, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai.

Sai dai maganinsa ne da zai iya ƙona mana gida. Fiyus ɗin ba ya yankewa haka kawai. An yi shi ne ya mutu sau ɗaya idan zafi ya wuce kima, don kada wuta ta tashi. Da mai gyaran ya janye bututun bayan injin, sai ga ɓurɓushin zare ya cunkushe a ciki kamar audugar katifa, murfin da ke bakin bututun a waje kuma ƙanƙara ta manne shi. Iska ba ta da hanyar fita, zafi ya taru, fiyus ya yi aikinsa. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta ƙiyasta cewa injinan busar da kaya suna haddasa gobara kusan 2,900 a gidaje kowace shekara, kuma rashin sharewa ne babban dalili. A injin gas akwai ƙarin haɗari, domin toshewar bututu na iya mayar da iskar kabon monoksaid mai guba cikin gida, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Shi ya sa dokar gini a wurare da yawa ta ce bututun ya zama na ƙarfe, kada ya wuce ƙafa 35, kuma kowace cikakkiyar kwana mai digiri 90 da ya yi ana rage ƙafa 5 daga wannan tsawo.

Yana cikin haɗa kayansa ne ya tambaye ni yaushe rabon da mu share bututun. Na ce ban ma san ana sharewa ba. Ya yi murmushi ya ce ashe can inda muka fito ba mu da irin wannan injin. Ban ce ya faɗa da mugun nufi ba, amma maganar ta tsaya mini a wuya har dare.

Ba na musun cewa akwai abin koyi a tsarinsu. Takardar zanen da ke cikin injin, da lambar da ke jikin kowane ƙaramin ƙarfe, da al'adar neman dalilin lalacewa kafin a canja abin da ya lalace, duk abubuwa ne masu kyau. Hatta warin baragurbin da ake ji idan gas ya zuba, sinadari ne ake zuba masa da gangan, kuma abin ya zama doka ne bayan fashewar gas a wata makaranta a garin New London na jihar Teksas a 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara. Mai gyaran ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar bututun gas ya ga babu kumfa kafin ya tafi, ya kuma gargaɗe ni cewa duk ranar da na ji wannan wari in fitar da iyalina waje kafin in taɓa ko da maɓallin fitila.

To amma rashin injin nan a wurinmu ba ci baya ba ne, rashin buƙata ne. Mutumin da ake dangantawa da ƙirƙiro shi, J. Ross Moore, ɗan Dakota ta Arewa ne, inda rigar da aka shanya a waje da hunturu takan sandare kamar katako. Da kamfanin Hamilton na jihar Wiskonsin ya fara sayar da shi a 1938, sunan da ya raɗa masa shi ne June Day, wato yini ɗaya na watan Yuni. Su da kansu sun san abin da suke sayarwa: kwaikwayon rana ne a cikin akwati, mai fiyus da bawul da takardar biyan kuɗin gas a ƙarshen wata. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ko da ranar ta gaske ta fito a watan Yuni, ƙungiyoyin masu gidaje a unguwanni da yawa sun hana ɗaura igiyar shanya, wai tana ɓata kyan unguwa, har sai da jihohi irin su Filorida da Kolorado suka yi dokar kare 'yancin mutum ya shanya kayansa. Mutanen da sai majalisa ta zauna kafin su rataye zaninsu a rana su ne ke tausaya mini don ban san share bututu ba.

Kayan da suka fito daga injin suna da laushi, ban ƙi ba, amma ba su da wannan ƙamshin da kowa ya sani na rigar da aka kwaso daga igiya da la'asar, tana da ɗumi har a fuska. Yarana ba su san shi ba. Yanzu ina share rariyar bayan kowane wanki, na sayi dogon buroshin bututu, na kuma ɗaura igiya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda babu rana ko kaɗan kuma tawul yakan kwana biyu bai bushe ba. Da Yaya ya kira ya tambaya ko na haɗe wayoyin, na ce masa fiyus ɗin ne kamar yadda ya faɗa, ban ƙara komai ba.