Mutum-mutumin Dakar da Rijiyar Ruma

Assalamu alaikum. Wannan nasiha ce ga masu mulki da masu hannu da shuni da ke son a riƙa tunawa da su, ko da wani mamacinsu.

A Afrilun 2010, Senegal na cika shekara 50 da samun 'yanci, Shugaba Abdoulaye Wade ya ƙaddamar da katafaren mutum-mutumi na tagulla a kan tsauni a Dakar: namiji da mace da yaro, tsayinsa wajen mita 50. Kamfanin Koriya ta Arewa ya ƙera shi, ya lashe kimanin dala miliyan 27. Limamai suka yi tir da shi, jama'a suka yi zanga-zanga, sannan shugaban ya ce kashi 35 na kuɗin masu ziyara nasa ne.

Annabi Hudu (AS) ya tsawata wa mutanensa Adawa kan gina alama a kowane tudu don wasa (Shu'ara'i: 128). Ibn Abbas kuma ya ce Waddu da Suwa'u da Yagusu da Ya'uƙu da Nasru salihai ne a mutanen Annabi Nuhu. Don tunawa aka kafa surorinsu, da ilimi ya gushe aka bauta musu.

Sayyidina Usman (RA) rijiyar Ruma ya saya a Madina ya yi wakafi da ita. Mai son bin sawunsa ya kula da kyau, domin rijiyoyin burtsatse da suka mutu sun yi yawa a garuruwanmu. A sa masana su auna ƙasa kafin haƙa, kuma a haƙa da rani; wadda aka tsaya da ita a ruwan damina tana ƙafewa da bazara, famfo ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. A ɗaga farantan sola sama, a killace su saboda ɓarayi. A rubuta wakafin a gaban shaidu, a naɗa amintaccen mai kula, a haɗa masa shago ko gona da zai riƙa biyan kuɗin gyara.

Don Allah kada a manna hoton ɗan takara ko tambarin jam'iyya a jikin tanki. Da zarar mulki ya sauya, sabuwar gwamnati kan ɗauke shi a matsayin aikin abokin hamayya, ta goge sunan ko ta ƙi gyara shi, matan unguwa su koma sayen ruwa a wajen 'yan garuwa.