Digiri na biyu da ke zaunar da mai zane da injiniya a benci ɗaya

Idan Bahaushe ya ga babbar riga da aka yi wa aska takwas, zare ya kwanta ras, sai ya ce maɗinkin yana da fasaha. Idan kuma ya ji a rediyo an harba tauraron ɗan'adam, sai ya ce kimiyya da fasaha sun ci gaba. Kalma ɗaya yake amfani da ita ga gwanintar allura da ta injin, kuma bai taɓa ganin wani saɓani a ciki ba. Makarantunmu ne suka raba abin da harshe ya haɗa, domin tun daga aji ɗaya na babbar sakandare ake ware yara, a ce waɗannan 'yan kimiyya ne, waɗancan kuma 'yan adabi da zane-zane, sannan jarrabawar shiga jami'a ta ƙara ɗaure kowa a turkensa. A ganina, matakin digiri na biyu shi ne wuri na ƙarshe da za a iya ɗinke wannan ɓaraka, kuma ya kamata jami'o'inmu su buɗe wa abin ƙofa.

Wata ƙaramar takaici ce ta fara sa ni wannan tunani. Na kai aikin katin ɗaurin auren ƙanwata wani shagon ɗab'i, na zaɓi wani salon harafi mai kyan gani, amma da samfurin ya fito sai na ga duk inda harafi mai lanƙwasa yake, wani ɗan akwati ne ya tsaya a gurbinsa. Yaron shagon, wanda idonsa ya san kyakkyawan tsari, ya ce shi dai abin da kwamfuta ta ba shi ke nan. Da na kai kuka wurin wani abokina da ya karanta kimiyyar kwamfuta, sai ya yi mini bayanin cewa kowane harafi yana da lambarsa, kuma wanda ya zana wannan salon bai saka namu a ciki ba; amma da ya gwada zana lanƙwasar da kansa, sai ta fito kamar ƙugiyar kamun kifi da aka liƙa wa harafin. Kowannensu yana riƙe da rabin maganin, a ƙarshe dai da "daurin aure" aka raba katin.

Wurin da ya fi shahara da haɗa waɗannan rabi biyu shi ne cibiyar Media Lab ta jami'ar MIT a Amurka, wadda Nicholas Negroponte da Jerome Wiesner suka kafa a 1985. Negroponte ilimin zanen gine-gine ya karanta, kuma har yau cibiyar tana ƙarƙashin tsangayar zanen gine-gine da tsara birane ne. Tana ba da digiri na biyu da na digirgir, tana ɗaukar mawaƙi da masanin lissafi da mai zane a rukuni guda, kuma al'adarta ita ce ɗalibi ya ƙera abu ya nuna shi yana aiki a gaban mutane, maimakon ya tsaya ga bayanin abin da zai iya yiwuwa. Akwai makamantanta, kamar shirin ITP na Jami'ar New York, mai haɗa zane da fasahar sadarwa, da ya soma a 1979, da kuma shirin haɗin gwiwa tsakanin Royal College of Art da Imperial College a Landan, inda ɗalibi ke fita da digiri biyu, ɗaya na zane ɗaya na injiniya.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne wata silsila da ta faro daga Media Lab ɗin. A 2001 Casey Reas da Ben Fry suka ƙirƙiro Processing, wata hanyar rubuta manhaja da aka sauƙaƙa domin masu zane, ta yadda mutum zai rubuta layi biyu ko uku ya ga da'ira ta bayyana a allon kwamfuta tana bin motsin hannunsa. Daga nan wani ɗalibi ɗan ƙasar Kolombiya, Hernando Barragán, da ke digirinsa na biyu a wata makarantar zane a garin Ivrea na Italiya, ya ɗora a kai ya samar da wata manhaja haɗe da ɗan allon lantarki mai suna Wiring, domin masu zane su iya sarrafa fitila da ƙaramin inji mai juyawa ba tare da sun zama injiniyoyin lantarki ba. Aikinsa ne ya zama tushen Arduino a 2005. Duk wanda ya leƙa baje kolin ayyukan ɗaliban injiniya a kwalejojinmu ya ga wannan ɗan allo mai launin shuɗi, wanda bai kai tafin hannu ba, wayoyi ja da baƙi na fita daga jikinsa zuwa famfon ban ruwa ko ƙararrawar kama ɓarawo. Kaɗan ne daga cikin ɗaliban suka san cewa kayan aikin da suka fi dogara da shi a makarantar zane aka haife shi, kuma sauƙin da suke yabawa ya samo asali ne daga cewa an yi shi domin mutanen da ba su iya lissafin lantarki ba.

Masu adawa da irin wannan karatu suna cewa taura biyu ba ta taunuwa, kuma shekara biyu ba ta isa ta mayar da mai zane injiniya ba, balle ta mayar da injiniya mai zane. Abin da za a samu kawai shi ne mutumin da ya ɗanɗana komai bai ƙware a komai ba. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa nake ganin wurin abin shi ne digiri na biyu, bayan mutum ya riga ya kafu a fanni guda. Ba a neman mai zane ya ƙera gada. Ana neman ya san yaren injiniya daidai gwargwadon da zai sa su yi aiki tare ba tare da tafinta ba.

Akwai wani aibi da ya fi wannan girma, kuma mu a Najeriya mun gan shi da idonmu. Al'adar nuna abu yana aiki a ɗakin gwaji takan sa mutum ya ɗauka cewa abin da ya burge 'yan kallo zai yi aiki a ko'ina. A 2005 Negroponte ya shelanta shirin bai wa kowane yaro kwamfutar tafi-da-gidanka ta dala 100, wata koriya da fara mai kyan ƙira, kuma makarantar firamare ta Galadima a Abuja tana cikin wuraren farko da aka gwada ta a 2007. Farashin bai taɓa sauka zuwa dala 100 ɗin ba, kuma matsalolin wutar lantarki da gyara da horar da malamai, waɗanda duk wani hedimasta zai iya lissafa su tun kafin a buɗe kwali, su ne suka sha kan shirin a wurare da dama. An haɗa zane da injiniya, amma an manta da sanin wurin da za a kai kayan.

Wannan sanin wurin shi ne abin da muke da shi, kuma muna da harsashin da za a ɗora a kai. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 ta gaji Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Zariya, inda a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane da ta dage kan haɗa dabarun zamani da zanen gargajiya. Har yanzu jami'ar tana da sashen zane-zane da na ƙirar kayan masana'antu, mai koyar da tangaran da saƙa, ga tsangayar injiniya a harabar guda. A 1977 ita ce ta bai wa Ladi Kwali digirin girmamawa, matar da ta iya ginin tukwane irin na Gbagyi da hannu kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew da ke garin da ake kira Suleja a yau a 1954, ta koyi sheƙi da gashin wuta mai tsanani, ta kuma ci gaba da zana ƙadangaru da kunamu a jikin tulunanta. Hotonta ne a bayan naira 20.

Abin da ya rage shi ne sharaɗin shiga da na fita. Muddin aka ce sai mai digirin farko a fannin ko makusancinsa ne zai nemi digiri na biyu, to mai zane ba zai taɓa taka ɗakin gwajin lantarki ba, don haka ya kamata a ɗauki ɗalibi bisa ayyukan da ya riga ya yi, ko zane ne ko manhaja ko injin. Wajen fita kuma, kundin bincike mai babi biyar da za a jera a kanta ƙura ta rufe shi bai dace ya zama ma'auni shi kaɗai ba. A nemi abin da aka ƙera, a kai shi wurin masu amfani da shi, a sa marini daga Ƙofar Mata ko majemi ko mai shagon ɗab'i cikin waɗanda za su ce ya yi ko bai yi ba. Kayan aikin ba su kai tsadar da ake zato ba, tunda Processing kyauta ne, Arduino kuma ana samunsa a kasuwa. Abin da ke da wuya shi ne shugabannin sassa biyu su yarda su duba ɗalibi ɗaya tare.

Aikin yi kuwa ba sai an je nemansa ba. Salon harafin kwamfuta da aka yi bisa rubutun ajami irin na Kano, mai kauri kamar wanda alaramma ke zubawa da alƙalamin kara a kan allo, wata ƙungiyar nazarin harsuna ta ƙasashen waje mai suna SIL ce ta fitar da shi, ta kuma sa masa suna Alkalami, alhali marubutan da suka gaji wannan hannu suna zaune a cikin birnin, tafiyar 'yan mintuna daga sashen kimiyyar kwamfuta na Jami'ar Bayero.