Ɗanyar hanta ba ta fi dafaffiya ƙara jini ba

Jama'ar Agege, Mile 12 da Idi-Araba a Legas, masu ba mai ciki ko mai jinya ɗanyar hanta wai don ta ƙara jini, don Allah a daina. Sinadarin ƙarfen da ake nema a hanta wuta ba ta ƙona shi, yana nan a dafaffiya. Abin da ɗanya ta fi ta da shi tsutsa ce da ƙwayoyin cuta.

Wani zai ce ai likitan dabbobi ya duba ta a mayankar Oko-Oba. Likita na tsaga hanta ne ya nemi abin da ido ke gani: tsutsar Fasciola mai faɗi kamar ganye a magudanar ruwan matsarmama, ko ƙulluwan ruwa masu ɗauke da 'ya'yan wata tsutsa. Ita Fasciola ma, mutum ya fi ɗaukarta daga ɗanyen ganyen fadama da gurɓataccen ruwa. Masu shiga jiki ta hanta, wuƙar likita ba ta gano su.

Babba cikinsu tsutsar Toxocara. Ƙwanta na fita a kashin kare da kyanwa, saniya ko kaza ta haɗiye wurin kiwo, 'ya'yan tsutsar su maƙale a hantarta. A jikin mutum ba sa girma, yawo suke yi daga hanta zuwa huhu, wani lokaci har ido, inda suke iya kashe gani. Mutum zai yi ta zazzaɓi, da tari, da ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, a Legas kuwa sai a ce maleriya ko taifot, a yi ta zuba magani. Gwajin bayan gida ba ya nuna komai, tunda ba ta ƙwai a hanjinmu. Gwajin jini ne ke nuna ƙwayoyin eosinophil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, sun hau, shi ma sai in an gaya wa likita an ci ɗanyar hanta. Ƙwaya ɗayar maganin tsutsa ta kemis ba ta isa.

Toxoplasma kuwa, wata ƙwayar cuta da ido ba ya gani, mai ciki take yi wa ɓarna: yawanci uwa ba ta jin komai, ƙwayar kuma ta tsallaka mahaifa ta taɓa ƙwaƙwalwa da idon jariri, ko ciki ya zube. Akwai kuma tsutsar Linguatula a hantar akuya da tunkiya, wadda ke kama maƙogwaro da ƙaiƙayi da kumburi jim kaɗan bayan ci. A Sudan da sunan marrara aka san ciwon, sunan abincinsu na ɗanyen kayan ciki.

Yaji, gishiri da lemun tsami ba sa kashe ko ɗaya. Sai tsakiyar hanta ta kai zafin digiri 70. A yanka ta kada ta wuce kaurin yatsa, a tsaga yanki mafi kauri kafin a sauke, in da ja ko jini a mayar. Masu tsire, nan ne kuskurenku: garwashi mai ƙarfi na ƙona baya ya bar ciki ɗanye, balle in masu saye sun yi layi. Wuƙa da katakon da suka taɓa ɗanya kada su taɓa albasa da tumatir sai an wanke da sabulu.

Mahauta, hanta mai ƙulluwan ruwa a ƙone ta ko a binne da zurfi. In kare ya ci, tsutsar za ta girma a hanjinsa, kashinsa kuma ya dawo da ƙwan cikin unguwa, inda yara ke wasa a ƙasa.